Sharhi kan akwatin kimiyya da horon lafiyar yara da makarantarmu ta samu a Kumasi

Tun da aka fara aiki da sabuwar manhajar firamare a Gana a watan Satumba na 2019, wadda hukumar NaCCA ta tsara, ana son malamin kimiyya ya bar yara su gwada abu da hannunsu maimakon haddar abin da ke kan allo. Sai dai yawancin makarantunmu na Zango, daga Aboabo har Asawase, ba su da ɗakin gwaje-gwaje. Shi ya sa da wata ƙungiya mai zaman kanta ta zo da tayin akwatin kayan kimiyya haɗe da horar da malamai, shugaban makarantarmu ya amince, ya tura ni tare da malamar da ke kula da shirin lafiyar ɗalibai. Na yi aiki da kayan tun farkon shekarar karatu, kuma ra'ayina shi ne horon ya fi akwatin daraja nesa ba kusa ba.

Akwatin na ɗauke da batura, wayoyi, ƙananan ƙwayayen fitila, maganaɗisu, gilashin ƙara girman abu, ma'aunin zafi, kofunan awo, fastoci da littafin jagorar malami. Kayan lantarkin sun burge yara ƙwarai, amma ba su da ƙarko: ƙwayayen fitilar sun riƙa ƙonewa, baturan suka mutu, kuma akwati ɗaya ba ya isar ajin da ya haura yara hamsin, domin 'yan gaba ne ke taɓawa, na baya sai kallo.

A wurin horon ne na ga abin da ya cancanci kuɗin. Mai horarwar ba ta ma buɗe akwatin ba da farko. Ta kawo ruwan zoɓo da aka tace, ta rarraba shi a kofuna masu haske, ta ce mu matsa lemun tsami a ɗaya, mu zuba jiƙaƙƙiyar kanwa a wani. Wanda aka sa wa lemun ya ƙara ja ya yi haske, na kanwar kuwa ya rikiɗe ya koma kore mai duhu, kuma da haka ta koya mana bambance sinadari mai tsami da kishiyarsa ba tare da an sayo komai daga kantin kayan gwaji ba. Da na maimaita wannan a aji shida, wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ashe shi ya sa miyar yakuwa ke rage tsami idan innata ta jefa kanwa?" Wannan tambaya ta nuna mini cewa darasin ya shiga, domin yarinyar da kanta ta haɗa shi da tukunyar gidansu. Zoɓo da kanwa ba sa yankewa a kasuwar Asawase, kuma da 'yan sidi kaɗan kowane rukuni na yara zai samu nasa kofin.

Haka darasin sauro yake. Littafin jagorar ya ce a ɗebo kwantaccen ruwa mai tsutsar sauro a zuba a kwalba, a rufe bakinta da yankin gidan sauro, yara su riƙa duba yadda tsutsar ke sauyawa har ta zama sauro mai fiffike cikin mako ɗaya zuwa biyu. Da gilashin ƙara girma suka ga cewa tsutsar sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, tana kwanciya a miƙe a ƙarƙashin fuskar ruwa, ta sauron kwata kuwa tana rataye kanta ƙasa. Yara da dama sun ɗauka cewa daga kwata kaɗai zazzaɓi ke fitowa, sai suka fahimci cewa ruwan sama da ya taru a rami bayan gida ma wurin hayayyafa ne. A ƙasar da take cikin uku na farko da aka fara ba yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro mai suna RTS,S a 2019, tare da Malawi da Kenya, ya dace ɗalibi ya san wannan tun yana firamare.

Sashen lafiya an gina shi ne bisa SHEP, wato shirin ilimin kiwon lafiya a makarantu na Hukumar Ilimi ta Gana, wanda ya faro a 1992, kuma mafi amfaninsa shi ne koyar da haɗa ruwan gishiri da sukari ga mai gudawa: ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Mai horarwar ta tuna mana cewa ledar fiya wata rabin lita ce, don haka leda biyu ake buƙata, ma'aunin da kowane yaro a Kumasi ya sani. Ta kuma jaddada cewa ƙunshin da ake sayarwa a kemis ya fi, a bi awon da aka rubuta a jikinsa, a haɗa da ƙwayar zink na kwana 10 zuwa 14, sannan a garzaya asibiti idan yaro ya galabaita ko aka ga jini.

To amma a nan ne kuma na fi samun damuwa. Darasin wanke hannu ya dogara ga bokitin Veronica, mai famfo a ƙasa, wanda 'yar Gana Veronica Bekoe ta ƙirƙira, kuma shirin ya ɗauka cewa kullum akwai ruwan cika shi. A ranar da famfon unguwa ya ɗauke, bokitin nan ba shi da maraba da tulun ado, kuma littafin bai ce uffan ba kan yadda makaranta za ta tanadi ruwa da sabulu a kai a kai. Bayan haka, duk fastocin da Turanci aka rubuta su, alhali 'yan aji ɗaya da biyu da Hausa suke tunani, iyayensu mata ma, waɗanda su ne ke jinyar yaro a gida, ba duka ke karanta Turanci ba. Mu muka zauna muka fassara awon gishiri da sukari, muka ba yara su kai gida. Batun jinin al'ada da ƙarancin jini ga 'yan mata kuwa shafi guda aka ba shi, duk da cewa tun 2017 ake raba wa 'yan mata ƙwayar ƙarin jini a makarantun Gana ƙarƙashin shirin GIFTS, kuma malamai mata na fama da tambayoyin iyaye a kai. Na so a ce an ware zama na musamman da malamai mata a kan wannan.

Zauren WhatsApp da aka buɗe mana don bibiya ya yi tsit bayan 'yan makonni, kuma har yanzu ba a turo kayan canjin da aka yi alkawari ba. Saboda haka duk shugaban makarantar da aka kawo wa irin wannan tayi, ya tambaya tun kafin ya biya ko Majalisar Malamai ta Ƙasa, wato NTC, ta amince da horon, domin malamai su samu makin sabunta lasisinsu, ya kuma nemi a rubuta masa inda zai sayi kayan da suka lalace. Idan kuɗin bai isa duka biyun ba, ya biya horon ya bar akwatin, ya tura malamai biyu maimakon ɗaya, saboda sauyin wurin aiki kan tafi da malami da duk abin da ya koyo. Ragowar kuɗin kuma a sayi babban durom na ajiye ruwa, wanda mu ma shi muka sa a gaba a taron iyaye da malamai mai zuwa.