Tsallen shinge ko sukuwar fili: wanne ya fi haɗari?

Gardamar da ta kaure ke nan a majalisarmu ta Nima, nan Accra.

A Ingila, mahayi a gasar Grand National sai ya tsallake shinge 30. Faɗuwa kam ruwan dare ce: karayar kafaɗa, haƙarƙari, buguwar kai. Sauƙinta, kan ciyawa ake faɗawa.

A Amurka galibi filin turɓaya ne, ba shinge. Ba a cika faɗuwa ba, sai dai dawakan a cunkushe suke, suna gudun kusan kilomita 60 a awa. Wanda ya faɗi, kofatai za su bi ta kansa. Ron Turcotte, mahayin shahararren dokin nan Secretariat, ya faɗi a filin sukuwa na Belmont da ke New York a 1978, bai ƙara takawa da ƙafarsa ba.

Ni dai filin ya fi ba ni tsoro.