Na biya kuɗin awa ɗaya a ƙaramin jirgi, sai a zuwa na uku muka tashi

Jama'a tun da na sa hoton tashin da na yi a ƙaramin jirgin sama a status mutane ke ta damuna da tambaya, ina ne, nawa ne, ba ka ji tsoro ba, to bari in faɗi yadda abin ya kasance gaba ɗaya. Ni ɗan unguwar Nima ne a Ankara (Accra) babban birnin Ghana, sifaya fas nake sayarwa a kasuwar Abossey Okai, kuma tun muna yara jirgin da ke sauka a filin Ankara ta saman kanmu yake wucewa, sha'awar tana nan a raina shekara da shekaru. Yayana kuma, Alhaji, ya daɗe yana maganar wai mu haɗa kuɗi mu sayi ƙaramin jirgi na hannu mai kujera biyu, na ce masa Yaya bari in je in ɗanɗana tukuna kafin mu zuba dukiya a abin da ba mu sani ba.

Wurin wani ƙaramin fili ne a wajen gari, ka wuce Tema ka kama hanyar Akosombo. Na biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, aka ba ni ranar Asabar da safe, a cikin Janairu, hunturu ya kankama. Na yi asubanci na isa wajen bakwai, malamin tuƙin ya fito ya dubi gabas ya nuna min wani dutse ya ce maigida kana ganin dutsen can? Na ce da ƙyar. Ya ce to yau ba za mu tashi ba. Wallahi raina ya ɓaci, na ƙona mai na bar shago, amma ya zaunar da ni ya yi min bayani cewa irin wannan jirgin da ido ake tuƙa shi, ƙa'ida sai kana hangen aƙalla kilomita 5, kuma hazon hunturu mayaudari ne, daga ƙasa ka ga kamar da sauƙi amma kana hawa sama sai ƙasa da sama su haɗe su zama fari fat, ka rasa ina ne daidai, jikinka ya ce maka a miƙe kake alhali jirgin ya karkace. Zuwa na biyu ma haka aka yi. Abin da ya ƙona min rai a nan shi ne ofishinsu, sun san tun daren jiya hazo bai ɗaga ba amma ba wanda ya kira ni ko ya turo saƙo, sai da na sake yin tafiyar banza. Wannan kam sakaci ne kuma na faɗa musu a gaban idonsu. Kuɗina dai ba su taɓa ba.

Na uku sai a Maris. Mma, mahaifiyata, ta riƙe min hannu a bakin ƙofa tana cewa ɗan nan ka manta helikwaftan sojan da ya faɗi a Adansi ranar 6 ga Agusta 2025, mutum takwas har da ministoci biyu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu. Na ce Mma ki yi min addu'a kawai, mutumin nan sau biyu yana hana ni tashi, ba mai ganganci ba ne.

Abin da ya fi burge ni ba a sama ya faru ba, a ƙasa ne. Mun yi kusan minti 40 muna zagaya jirgin da takarda a hannu yana karantawa ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauko wani ɗan kofi mai haske ya tsiyayo mai daga ƙasan tanki ya ɗaga wa rana ya ce duba, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasa kamar ƙwallo domin ruwa ya fi fetur nauyi, kuma da irin laimar da muke da ita a kudu tankin da ya kwana rabi yana iya yin gumi a ciki. Bai yarda da agogon mai ba, sai da ya buɗe murfi ya zura sanda ya auna da idonsa. Sannan ya kai ni wajen wani siririn bututu a ƙarƙashin fiffike, shi ne ke gaya wa matuƙi gudun jirgi, ya cire masa murfi mai jan ƙyalle ya leƙa ciki ya ce babban abokin gabarmu a nan zanzaro ne, kwana biyu ka bar shi a buɗe ya cika shi da laka. Na yi dariya sai ya ce kar ka yi dariya maigida, a 1996 wani Boeing 757 na Birgenair ya faɗa teku bayan ya tashi daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka mutu, bututun nan ne ya toshe kuma masu bincike gidan zanzaro suka fi zargi. Na yi tsit. Har ni kaina sai da ya ɗora a sikeli, da jakata, ya yi lissafi, ya ce nauyi da zafin rana su ne ke sa jirgi ya ci titi mai tsawo kafin ya ɗaga, shi ya sa suka fi son safiya.

Injin Rotax 912 ne, ƙarfin doki 100, fetur ɗin mota mai kyau yake sha, wajen lita 15 zuwa 20 a awa. Ni da nake harkar inji na ji daɗin tsaftarsa, ba ɗigon mai ko ɗaya. Kafin ya tayar sai da ya leƙa ya yi ihu a matsa daga farfela duk da ba kowa a wurin.

Tashin kansa kuwa subhanallah. Ga Shai Hills a gefe, ga dutsen Krobo, ga kogin Volta yana walƙiya har ka hango gadar Adomi, gonakin mangwaro layi-layi kamar an zana. Da muka daidaita ya ce jirgi na hannunka, na amsa yana hannuna, haka ake yi kar kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne ke riƙe. Na damƙe sandar tuƙi da ƙarfi jirgin ya fara rawa, ya ce sassauta, da yatsu ake riƙewa, kuma ka daina kallon agogo ka kalli waje. Kowane ɗan lokaci sai ya tambaye ni in inji ya mutu yanzu ina za mu sauka, in nuna masa fili, ya ce a'a wancan akwai wayar lantarki, duba wancan. Wajen dawowa rana ta fara zafi iska ta soma jijjiga mu, cikina ya juya, waken da na ci da safe ya so ya dawo, don haka mai zuwa ya ci abu kaɗan mara maiƙo. Abin kunnen da suka ba ni ma ya tsufa, ɓangare ɗaya yana yankewa, ya kamata su canza.

Maganar saye kuma, na zauna da injiniyansu na yi tambaya sosai. Lasisin tuƙi na kanka sai ka yi aƙalla awa 40 a sama, yawanci ma ana wuce haka, ga jarabawa ga gwajin lafiya wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, ta amince da shi. Jirgi sai an yi masa rajista ya samu lamba mai farawa da 9G, ga inshora, ga kuɗin rumfar ajiya, ga dubawa duk awa 100 ko duk shekara. Injin nan awa 2000 ko shekara 15 sai a sauke shi a yi masa babban gyara, robobin mai da na ruwa duk shekara 5 ake canzawa ko da ka ajiye shi bai tashi ba, kuma kayan da dala ake shigo da su, ba kamar namu na Abossey Okai ba ne da za ka ce a sa na hannu a lallaɓa. Ya ce duk jirgin da littafin tarihin gyaransa bai cika ba, komai arharsa ka bar shi, kuma ka kai injiniyanka ya duba ba na mai sayarwa ba, musamman tsatsa in ya zauna kusa da teku.

Na kai wa Yaya lissafin ya yi shiru ya ce to mu bar maganar saye tukuna. Ni dai zan koma wurinsu, na riga na biya awa biyar, amma na ce sai sun riƙa kirana da daddare in yanayi bai yi ba, kuma malamin ya riga ya gaya min in damina ta sauka ya hango hadari ya haɗo daga gabas, ko na iso sai dai mu zauna a rumfa mu yi karatun taswira.