Pisin a bayan gida ko jirgin ruwa a Lagdo? Alhaji, sayi jirgi

Wa alaikumus salam Alhaji. Maganar ko ka haƙa pisin na ninƙaya a bayan gidanka na Garwa ko ka sa kuɗin a jirgi mai inji a tafkin Lagdo da ke nan arewacin Kamaru, ni ba zan yi maka kwana-kwana ba, sayi jirgi. Duka biyun na taɓa su da kuɗina, ɗaya har gobe ina sa masa albarka, ɗayan kuwa da na san haka yake da ban bari an sa diga a ƙasa ba.

Jirgina na katako ne, da injin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40 a bayansa, bana shekararsa 6 a ruwa. Ɗan yayar maiɗakina ne ke tuƙa shi, yaro ne da aka haifa a bakin ruwa, ya san inda kututturan bishiyoyi suke a ƙarƙashi ya san inda dorina ke kwana. Aikinsa jigila tsakanin Lagdo da tungayen masunta, ya kai musu gari da gishiri da sukari da ƙanƙara, ya dawo da mutane da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa da kwalayen banda. Duk ƙarshen mako ya kira ni mu yi lissafi, a cire na mai a cire nasa, a ajiye wani abu gefe saboda gyaran inji, abin da ya rage shi ne nawa. Ba kullum ake samu da yawa ba amma wallahi kuɗin makarantar yarana uku daga cikin jirgin nan suke fita, ban taɓa shago saboda su ba tun da na saye shi.

Abin da ya sa na ƙaunaci jirgin nan ma ba kuɗin ba ne. Shekarar da na saye shi, bayan ƙaramar Sallah, na ɗauki Baba, Allah ya jiƙansa, da yara muka bi hanyar Ngong muka kwana a Lagdo, muka yi asuba a bakin ruwa muka shiga. Ruwa kwance luf kamar an shimfiɗa tabarma, ba iska ko kaɗan. Baba ya san wurin tun kafin 'yan Sin su gina madatsar, tun 1977 da aka fara aikin har 1982 da aka gama yana zuwa fatauci wajen, to sai ga shi yana nuna ruwa da sandarsa yana cewa nan hanya ce da, can akwai wata tsamiya da muke hutawa da jakuna, yara sun yi tsit suna kallon ruwan kamar za su hango tsamiyar. Muka hango dorina uku daga nesa, yaron ya rage wuta ya kauce musu can, muka sauka wata tunga aka gasa mana karfasa da yaji a kan garwashi. Baba da ba ya cin abinci sosai a lokacin saboda jiki, ranar ya cinye guda har ya nemi ƙari. A hanyar dawowa ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya yi wa dukiyar nan albarka. Bai ƙara ganin wata Sallar ba. Yarana har yau in aka yi maganar kakansu, ranar nan suke fara tunawa.

Amma kar in ruɗe ka, jirgi ma yana da cinsa. Injin 40 in ka murɗa shi har ƙarshe yana shan kusan lita 20 a awa, litar fetur a gidan mai kuma ta koma sefa 840 a farkon 2024, ka ga awa ɗaya ta kusa dubu 17 ke nan, ban da baƙin man da ake gauraya masa tunda irin injin nan sai an haɗa masa mai a cikin fetur. A da zuwa-zuwa, wato man fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, shi ke rufa mana asiri, to tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 shi ma ya daina araha irin ta da, kuma wani na haɗe da ruwa ko datti, shi ke kashe kafireto. Shi ya sa direba mai hankali ba ya gudu, rabin wuta yake tafiya. Katako kuma duk shekara sai an fito da shi tudu an toshe ɓaraka an shafa kwalta an sake fenti. A damina hukumar kiwo da kamun kifi takan rufe kamun kifi kusan wata 3 don kifi ya hayayyafa, lokacin ciniki yana ja baya sosai, sai ka sa wannan a lissafinka tun yanzu. Akwai takardun hukuma da na ƙungiyar masu jirage, yi su tun farko ka huta. Sai rigunan ruwa masu hana nutsewa, wannan kam ba na wasa da shi, kowace kujera da rigarta, kuma na gaya wa yaron ko nawa za a ba shi kar ya yi lodin da ya wuce ƙa'ida, in ya ga hadari ya haɗo musamman farkon damina ya nemi gaɓa ya ɗaure. Tafkin nan ya haura murabba'in kilomita 500, in iska ta taso a tsakiya igiyar ruwan ba ta wasa ba ce.

Kuma in jirgin shaƙatawa kake nufi, irin farin nan na roba mai gudu da za ka ajiye a Binuwai nan Garwa, wannan ban ba ka shawara ba. Kai ma ka ga yadda kogin yake komawa da rani, yashi ne ko'ina sai 'yar hanyar ruwa, ga dorina kusa da gada. Wata biyu uku za ka more shi, sauran shekara yana ƙarƙashin tampol rana na cinsa.

Pisin kuwa, to, a watan 3 da watan 4 da zafi ke wuce 40 yana da daɗi, kuma ruwansa babu tsargiya irin ta ruwan tafki, iyakar alherin da zan faɗa a kansa ke nan.

Nawa mita 8 ne a tsawo 4 a faɗi, zurfi mita ɗaya da rabi, wato lita dubu 48, duro 240 ke nan kafin ka cika shi sau ɗaya. Da bazara rana kaɗai tana shanye kusan santimita ɗaya a yini, lita 300 da wani abu ke nan kullum suna tashi sama, a unguwar da maƙwabta ke tashi tsakar dare tarar ruwa, ni kaina abin ya riƙa damuna a zuciya. Famfon tace ruwan yana son awa 6 zuwa 8 yana aiki kullum, to ka san halin wutarmu, kwana biyu aka ɗauke a zafin nan ruwan ya koma kore shar, in ka ƙara sakaci ya zama gidan sauro a bayan ɗakin yaranka. Sai ka tada janareto saboda ruwan wanka. Kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta kullum, maganin daidaita ruwan, yaron da zai riƙa kwashe datti, in hunturu ya shigo ƙura ta kwanta a ƙasansa kamar an zuba toka kuma ba mai shiga saboda sanyi. Da damina kwaɗi da ganye. Abin da na zuba a gininsa ya fi kuɗin jirgin da sabon injinsa, bai taɓa dawo mini da ko dala ba, kuma ba abu ne da za ka ciro ka kai kasuwa ranar da ka matsu ba. Inji kuwa yau ka ce za ka sayar, kafin la'asar masu so sun zo.

Abin da ya sa na zubar da ruwan gaba ɗaya shi ne ranar da ɗan maƙwabcina mai shekara 3 ya biyo yara ya shigo, ba wanda ya lura, Allah ya sa 'yata babba ta fito shanya ta gan shi a bakin ruwan ya miƙa hannu zai ɗauko ƙwallo. Gidajenmu ba irin na Turai ba ne da ake kulle ƙofa, yaran unguwa duk naka ne, suna shiga suna fita. Daren nan ban runtsa ba. In har ka nace sai ka yi, to ka kewaye shi da shinge mai tsawon da ya wuce mita ɗaya da ƙofa mai kwaɗo, kafin a zuba ko bokiti ɗaya.

Baka tambaya ba amma bari in ja kunnenka kan masu sayar da inji, don nan ake yanka mutane. Za a ɗauko tsohon inji a wanke a fesa fenti a manna sabbin sitika a sa a kwali a ce maka sabo ne dal. Duba lambar da ke jikin ƙarfen da ake maƙala shi a jirgi, in an kankare ta ko ba ta yi daidai da ta rasit ba, tashi ka bar wurin, wataƙila na sata ne, ranar da mai shi ya gan shi a ruwa kai za a kama. Wanda ya yi aiki a ruwan gishiri wajen Duwala ko Kiribi waje fes ciki duk ya ciye. Kar ka yarda a tada maka shi a busasshe na minti ɗaya a kashe, a sa shi a duro cike da ruwa ko a jirgi ya yi aiki ya ɗau zafi, ka ga yana tsartar da ruwa ta baya da ƙarfi, a kwance man giyar ƙasa a gabanka, in ya fito fari-fari kamar madara ruwa na shiga ciki. Masu ƙera jirgi ma wasu farin katako mara ƙwari suke sakawa a ƙasa su rufe da kwalta, je ka ga katakon da idonka kafin a shafa komai. Masu pisin su ma haka, nawa mai manna tayil ne kawai ya nuna mini hotuna a waya ya ce aikinsa ne, wata huɗu ya fara yoyo. Kuma don Allah kar ka tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami ta waya saboda hoton da ka gani a Facebook.

Sharaɗi ɗaya ne, sai kana da mutum amintacce wanda ya san ruwa da zai riƙe maka, in babu shi ka dakata har ka samu, kar ka ba wanda ka haɗu da shi jiya a tasha. In kana da shi, sa a ƙera maka na katako mai kyau, ka daure ka sayi inji sabo a shagon da zai ba ka rasit da garanti ko da ya fi tsada, ka haɗa da rigunan ruwa tun ranar farko. Ƙarshen watan nan in sha Allahu zan leƙa Lagdo za a fito da nawa a yi masa kwalta, in kana da sarari mu tafi tare ka ga cikinsa da bayansa a tudu, in haɗa ka da makanikin da ke duba mini inji ya raka ka ranar saye.