Sikanin huhu bayan tiyata, abin da na gani a kan Babanmu

Ni dai da a sanina sikanin na masu ciki ne da masu ciwon ƙoda, sai da aka yi wa Babanmu aikin hanji wata biyu da suka wuce. Shekararsa 67, ya sha taba a ƙuruciya, aikin kuma ya ɗauki sama da awa huɗu, ka ga duk abubuwan da likitoci ke tsoro sun haɗu a kansa.

Washegari da safe likitar da ta sa shi barci ta shigo da 'yar na'ura ta ce za ta duba huhunsa. Na ce Likita ai cikinsa aka yanka ba ƙirji ba. Ta ce ai nan matsalar take, yawancin wanda aka sa barcin tiyata ƙasan huhunsa na motsewa, sannan zafin ɗinki ya hana shi jan numfashi sosai ko ya yi tari, majina ta taru, bayan kwana biyu uku a wayi gari da nimoniya. A lokacin fa Baba ba zazzaɓi ba tari, har hira yake mana.

Yadda ta yi shi ne ya burge ni wallahi. Ta raba ƙirjin gida 12, shida dama shida hagu, gaba da gefe da baya, kowane gida ta ba shi maki daga 0 zuwa 3, mafi yawan jimlar da za a iya samu 36 kenan, kuma iya yawan makin iya yadda iska ta ragu a huhun. Ta juyo min allon tana nuna min, layukan da ke kwance alamar iska na shiga lafiya, fararen layuka da ke saukowa tsaye kamar hasken tocila su ne alamar iska ta fara raguwa ko ruwa ya shiga, in kuma wurin ya koma kamar tsokar hanta to ya toshe. Na Baba ta baya a ƙasa, duka ɓangarorin biyu, kamar hantar ya fito. Ta ce wani likitan Faransa, Daniel Lichtenstein, na cikin waɗanda suka yaɗa wannan dubarar, a da ana ganin sikanin ba ya amfani a huhu saboda iska.

Minti goma bai fi ba, a kan gadonsa, ba tura shi ɗakin eksire ba haskawa, shi ya sa za a iya maimaitawa kullum. Nan take suka ƙara masa maganin zafi, aka ɗaga kan gadon, mai gashin ƙashi ta zo ta koya masa jan dogon numfashi da yadda zai danne ɗinkin da filo in zai yi tari, da yamma aka tsayar da shi ya taka kaɗan. Kwana biyu aka sake dubawa maki ya sauka, na gani da idona.

Amma akwai abin da bai min daɗi ba. Dole a juya mutum don a ga bayansa, Baba ya sha wuya sosai a juyin farko, da sun ba shi maganin zafi tukuna. Inda bandeji ya rufe ma ba a gani. Sannan abin ya dogara da hannun mai yi, ita kanta ta faɗa, kuma ba ya maye gurbin sauran gwaje-gwaje. Ranar Lahadi da ba ta zo aiki ba babu wanda ya iya a duk sashen, haka muka wuni ina ta kallon na'urar oksijin ɗin da ke yatsarsa hankalina a tashe. Asibitin da ke manyan ayyuka irin wannan bai kamata a ce mutum ɗaya ce ta iya ba.

In naka zai shiga babban aiki na ciki ko ƙirji, musamman tsoho ko mai shan taba, ka tambaya tun kafin ranar ko suna yi, kuma mutum nawa suka iya. Baba kwana takwas ya yi aka sallame mu, bai yi nimoniya ba Alhamdulillah.