Littafi, Labarin Waya Ko Fim: Abin Da Mai Saye Zai Auna A Zariya

Wanda ya shiga shagon littattafai a Sabon Gari ko Tudun Wada da niyyar sayen labarin da za a karanta a gida, ko kuma ya tsaya gaban mai tura fina-finai a Samaru da wayarsa a hannu, zai tarar kayan sun fi ƙarfin aljihunsa da lokacinsa. Kusan dukkansu a kan tambayoyi iri ɗaya suke kewayawa: me ke kawo kwanciyar hankali, wa za a ce ya ci nasara a duniya, me ya rage wa mutum idan aka raba shi da asalinsa, kuma me ke gyara zaman aure da zumunci ko ya ɓata su. Inda suka bambanta shi ne amsar da kowanne ke bayarwa, kuma ita ce ya kamata a auna kafin a zaro kuɗi, musamman ga magidanci ko uwargida da suka san abin da suka kawo gida 'ya'ya ma za su gani.

Zaɓi na farko a ƙofar gidanmu yake, domin a nan Zariya aka haifi ƙagaggen labarin Hausa na boko. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East ita ta samar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da wasunsu, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) da aka kafa a garin nan a 1966 ya ci gaba da buga su. Mai neman labarin asali da sanin kai ba zai sami wanda ya fi Shaihu Umar ba: yaro ne da aka sace, bauta ta kai shi har ƙasar Larabawa, ya tashi a hannun wasu, amma ilimi da haƙuri suka zame masa gata, mahaifiyarsa kuma ta ƙarar da rayuwarta wajen nemansa. Nasarar da littafin ya nuna ba ta dukiya ba ce, ta mutumin da wahala ta kasa ɓata masa zuciya ce. Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East, ya fi ɗaci, domin ya bi sawun abin da ke faruwa idan kuɗi suka raba masoya, wanda aka ƙwace wa kuma ya zaɓi ramuwa, har masifar ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ruwan Bagaja kuwa nasarar mai wayo ce, ya fi dacewa da nishaɗi da koyon sarrafa harshe.

Waɗannan littattafai gajeru ne, Hausarsu tsaftatacciya ce, kuma ɗalibi zai sake haɗuwa da irinsu a makaranta. Raunin da nake gani a gare su shi ne mace ba ta cika yin magana da bakinta ba. Ana ba da labarinta ne kawai. Sai kuma matsalar bugun sata. Kafin ka biya, buɗe tsakiyar littafin ka duba ko tawada ta dushe, ko shafuka sun tsallake, ko ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ sun ɓace, domin a nan ake gane jabu.

Wanda yake son jin muryar mata sai ya matsa gaba zuwa 1980, lokacin da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito daga gasar NNPC, inda budurwa Bafulatana ta dage a kan auren wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Daga nan aka shiga zamanin da ake kira adabin kasuwar Kano, kuma a nan ne mai saye ya fi bukatar tsefewa, saboda hatsi da ƙaiƙayi a buhu ɗaya suke. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, yana cikin waɗanda zan ce a saya ba tare da shakka ba. Labarin Rabi ne, wadda miji ya kora da 'ya'yanta, ta riƙe su da sana'ar abinci, kuma abin da ya ba shi nauyi shi ne farin cikin da ta samu daga guminta ya fito. Yawancin littattafan da suka biyo baya sun kauce wa wannan hanya, sai ka ga duk wahalar da yarinya ta sha maganinta shi ne auren attajiri a shafin ƙarshe. Ba na ƙin soyayya a labari, amma ina jin tsoron yarinyar da za ta karanta irin wannan sau ashirin kafin ta kai shekarun aure. Idan za a saya, a karanta bayanin bango da shafuka biyu na ƙarshe, kuma a tambayi mai shago, "Malam, kashi nawa ne, kuma duk kana da su?" domin an saba raba labari ɗaya gida biyu ko uku, takardar kuma ba ta da ƙwari.

A yau yawancin marubutan sun koma waya. Ana sakin shafukan farko kyauta a WhatsApp ko Wattpad, sai labari ya ɗauko daɗi a ce a tura kuɗi. Sauƙinsa a fili yake, kuma akwai masu basira ƙwarai a cikinsu, kamar yadda gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna. Sai dai babu editan da ya duba rubutun, wani labarin yakan tsaya a tsakiya bayan an biya, wani kuma akwai batsar da ba za a so ta shiga wayar ɗiya ba. Gara a jira labari ya kammala, a kuma ji ta bakin wanda ya karanta shi. Ga iyayenmu da ba su yi boko ba, littattafan da ake karantawa da murya a YouTube sun fi dacewa.

Fim yana da abin da littafi ba shi da shi. Shirun uwa a lokacin da ɗanta ya gaya mata baƙar magana, ko kallon da kishiya ke yi wa kishiya, fim kan nuna su a daƙiƙa biyar, ga shi kuma ana iya kallonsa a tsakar gida da kowa da kowa, a tattauna bayan an gama. Tun daga fim ɗin Turmin Danya na 1990 harkar fim ɗin Hausa ta sauya kamanni sau da yawa: kaset ya wuce, faifai ya bi shi, yanzu zamanin fim mai dogon zango ne, irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 wadda ta fara aiki a 2014, da Labarina, da ɗimbin waɗanda ake sakawa a YouTube mako-mako. Amma kyamara abin da ido ke gani take ɗauka, shi ya sa nasara a fim takan zama mota da bene da leshi, abin da ke cikin zuciya kuma a bar wa waƙa. Daɗin Kowa ya burge ni ne saboda ya zauna a unguwar talakawa, da malamin tsangaya da almajirai da rigingimun maƙwabta, inda mai kallo daga Tudun Jukun ko Kwarbai zai ga irin gidansu. Fina-finan Indiya da ake fassarawa suna da daɗin kallo, sai dai aurensu da addininsu ba namu ba ne, yara na bukatar babba a kusa.

Ta fuskar kuɗi, fim mai dogon zango yana kama da araha amma ba haka ba ne, domin kowane mako sai an sayi data, labarin kuma yana iya shekara bai ƙare ba. Wurin mai turawa ya fi sauƙi, sai dai sau da yawa wanda ya zuba jarinsa ya shirya fim ɗin ba ya ganin ko sisi daga abin da ka biya, alhali kallo a tasharsa ta YouTube yana kai masa wani abu.

Da a ce kuɗin hannuna kaɗan ne, da Shaihu Umar zan fara, in haɗa da Alhaki Kuykuyo Ne, domin littafi ɗaya zai zaga hannun mutum goma a gida ya kuma jira ƙannen da ke tasowa. Abin da ya saura sai in ware shi ga fim guda ɗaya tak, wanda na riga na kalli kashi biyu ko uku nasa ni kaɗai kafin in kunna wa iyali bayan sallar isha'i.