Kafin ka sayi injin buga fleks, duba kulawar da zai nema

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato sai mutane su yi ca a kan injinan buga fleks da sitika, kowa da tambaya biyu a bakinsa: nawa ne, kuma mita nawa yake bugawa a awa. Ba kasafai ake tambayar abin da injin zai nema daga mai shi kowace safiya ba, alhali a nan ne jari yake tsira ko ya narke. Hed, wato kan da ke fesa tawada, shi ya fi komai tsada cikin abubuwan da ke lalacewa, kuma sau da yawa bushewar tawada a ramukansa ce ke kashe shi tun bai tsufa ba. Ramukan nan sun fi silin gashi ƙanƙanta. Hed ɗin Epson i3200 yana da guda 3,200, DX5 yana da 1,440, kuma kaɗan daga ciki suka toshe sai ka ga layi-layi a fuskar aiki.

Irin tawadar da injin ke sha ita ce ke yanke yawan hidimarsa. Inji mai tawadar solbent mai ƙarfi, wato tawadar da aka haɗa da sinadari mai narkarwa maimakon ruwa, wanda galibi ke zuwa da hed ɗin Konica Minolta 512i, shi ne na manyan allunan talla. Yana da sauri, tawadarsa da arha, hed ɗinsa da juriya. Sai dai tawadar tana bushewa da wuri, don haka kullum a tashi aiki sai an wanke hed da ruwan wankinsa an rufe shi da kyau, ga wari mai ƙarfi da ke buƙatar fanka mai fitar da iska waje don lafiyar yaran shago. Inji ne mai son aiki ba tsayawa. Idan ba ka da kwastomomin da za su riƙa ciyar da shi kowace rana, zai fi ci maka kuɗi a zaune.

Injin eko-solbent, wato mai solbent mara ƙarfi, ya fi sauƙin kai. Tawadarsa ba ta saurin bushewa kamar waccan, warinta kaɗan ne, hotonsa ya fi fita tas, shi ya sa masu sitika da ƙananan fosta suke son sa. Ga mai shagon da aikinsa yau da yawa gobe kaɗan, ni shi nake ba da shawara. A nan hed ne abin dubawa. Hed ɗin XP600 arha ne amma bai daɗewa, i3200 ya fi tsada ya fi sauri da ƙarko. Ka kula da harafin da ke bayan sunan i3200: E1 na eko-solbent ne, A1 na tawada mai ruwa, U1 na UV, wato tawadar da haske ke daskararwa. Wasu dillalai kan saka A1 a injin eko-solbent don farashi ya sauka, mai saye bai sani ba sai hed ya mutu da wuri.

Injin UV da na DTF mai buga riguna suna da wata matsala tasu, farar tawada. Farin da ke cikinta yana da nauyi, yana kwantawa ƙasa kamar ƙullin koko da aka bari bai motsa ba. Kada ka sayi irin wannan inji sai yana da abin juya farar tawada a tanki da famfon da ke zagaya ta cikin bututu, kuma ko da hakan sai an riƙa buga wani abu da ita kusan kullum. Ita tawadar UV haske ne ke daskarar da ita, saboda haka rana ta taga ko hasken fitilar injin da ya dawo daga abu mai ƙyalli na iya daskarar da ita a fuskar hed, kuma wanda ya daskare haka da wuya wanki ya ceto shi.

Injin HP Latex ya bi wata hanya dabam. Hed ɗinsa abin canzawa ne, mai shago da kansa zai cire ya saka sabo ba sai injiniya ya zo ba. Amma yana busar da aiki da zafi, yana cin wuta sosai, sai mai tsayayyen janareta.

Daga nan sai zaɓi tsakanin injinan Japan, irin su Roland da Mimaki da Mutoh, da waɗanda ake haɗawa a Sin da hed ɗin Epson. Na Japan suna wanke kansu lokaci-lokaci ko ba a aiki, muddin ba a kashe babban makunninsu ba. Wannan gata ne, amma sai da wuta dare da rana, wanda a wajenmu yana nufin inbata ko sola. Na Sin sun fi arha nesa ba kusa ba, kayan gyaransu ana samu a Legas, sai dai yawancin kulawar tana hannun mai aiki da su. Idan yaronka mai sakaci ne, arhar ba za ta kai ka ko'ina ba.

Kowanne ka ɗauka, ka haɗa kuɗin ɗaki cikin lissafi. Masu ƙera injinan nan suna son zafi tsakanin digiri 20 zuwa 30, da damshin iska daga kashi 35 cikin ɗari zuwa sama. A Kano ko Zinder zafin Afrilu yana kaiwa 40, a hunturu kuma damshi kan faɗi ƙasa da kashi 20, ga ƙura. Busasshiyar iska tana busar da hed, tana kuma tara lantarkin gogayya a jikin fleks, wanda ke karkatar da ɗigon tawada. Saboda haka ɗaki rufaffe, da na'urar sanyaya ɗaki, da na'urar ƙara damshi, ba ado ba ne. Haka sitabilaiza, da wayar da ake binnewa a ƙasa, da UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke. Idan aka ɗauke wuta hed yana tsakiyar aiki, zai tsaya a buɗe bai koma kan marfinsa ba, UPS kuwa zai ba ka damar mayar da shi.

Saura wa zai riƙa kula da injin. Jiran sai ya lalace a kira injiniya shi ya fi kowane tsari tsada, don ana kiran nasa ne ranar da aiki ya fi yawa. Yarjejeniyar shekara da dillali tana da kyau idan yana da injiniya a garinku ko kusa, kuma an rubuta abin da ta ƙunsa. Ka tambaya musamman ko garantin ya haɗa da hed, don sau da yawa bai haɗa ba, ko kuma yana faɗuwa da zarar ka canza tawada. Abin da na fi yarda da shi shi ne a haɗa biyu. Dillali ya koya wa yaron shago aikin kullum: gwajin ramuka kowace safiya, goge waifa, wato robar da ke share fuskar hed, da bakin marfin hed da tsinken soso da ruwan wankin da ya dace da tawadar, zubar da tankin dattin tawada kafin ya cika, goge siririyar ledar da ke auna tafiyar hed. Shi kuma injiniya ya riƙa zuwa bayan 'yan watanni ya canza dampa, wato ɗan kwanson da ke tace tawada kafin ta shiga hed, da waifa da marfi, ya duba famfo, ya sa mai a dogon da hed ke bi. Waɗannan ƙananan kaya ne masu arha, ka saye su tare da injin ka ajiye.

Idan na hannu za ka saya, ka je a kunna shi a gabanka da safe kafin kowa ya taɓa shi, a buga gwajin ramuka tun ba a yi wanki ba, sannan a buga mita biyu ko uku na launi ɗaya mai duhu. Idan layi ya fara fitowa a tsakiyar bugun, dampa ko famfo ko hed ɗin kansa ya gaji, sai ka cire kuɗinsu daga farashin da aka yi maka.