Boljoyin kasuwa ya durƙusar da motata, na kamfani bai taɓa yi min haka ba

Har yanzu in na tuna ƙarar nan sai gabana ya faɗi. Ba ma wata babbar ƙara ba ce, "ƙas" guda ɗaya, kamar an taka busasshen kara, sai gaban motar ya zube ta hagu, sitiyari ya fizge daga hannuna. Ina cikin shan kwana ne a hankali zan shiga inda zan sauke kaya, mai tafiya a ƙasa ma zai iya wuce ni. Da na fito sai na tarar tayar gaba ta kwanta a ƙarƙashin madigadi, wilin ya karkace, tiyon birki ya tsinke, mai na ta ɗiga a ƙasa. Minti goma kafin nan ina kan babban titi ina gudun 90, lodi cike a baya, ɗana yana zaune a gefena. Allah ne kawai Ya tsare.

Boljoyin ƙasa ne, wato ƙarfen nan mai ƙwallo da ke haɗa ƙafar mota da inda taya ke ɗaure, ya fice daga gidansa. Watansa bakwai da ɗaurawa, kilomita 14,000 da 'yan kai.

Motar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, kuma ba na tausaya mata wajen aiki: kwalta, gargada, ramuka, laka a lokacin ruwa, duk tana shiga. Boljoyin da ta zo da shi daga kamfani sai da ya kai kilomita 190,000 kafin ya gaji. Kuma ko da ya gaji, bai ci amanata ba. Ya yi wajen wata biyu yana gaya min: "gwaf-gwaf" in na hau tudu, sitiyari ya ɗan riƙa yawo, taya ta fara cinyewa ta ciki. Ni da kaina na tuƙa motar na kai ta gareji. Wannan shi ne abin da ya fi ƙona min rai game da wanda na sa bayansa. Ƙarewa da wuri na iya yafe ta. Amma ƙarfen da ran mutum ke kansa ya saki ba sallama, wannan kam ba zan manta ba.

Yadda aka yi na saye shi kuwa, mai kayan ne ya juya min shi a hannu, ya nuna min ɗan bakin giris da ke gindinsa. Ya ce na kamfani a rufe yake, in girisinsa ya ƙare shi ke nan, amma wannan kullum kana ba shi yana sha, zai ninka wancan kwana. Maganar ta shiga kaina, don akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Yawancin na kamfani a rufe suke, ƙwallon yana zaune cikin wani kofi na roba mai tauri, an cika shi da giris tun daga masana'anta. Masu baki kuwa galibi ƙarfe ne kan ƙarfe, dole a riƙa ba su giris a kai a kai. Na yarda. Na sayi saiti guda: boljoyi biyu na ƙasa da tayarod biyu, wato ƙarafan da ke haɗa sitiyari da tayoyin gaba, cikin kwali mai ƙyalli. Na sayi famfon giris musamman saboda su, kuma duk juyen mai, wato kowace kilomita 5,000, sai na tsaya an ba su a gabana.

A wata na uku na leƙa na ga robar da ke rufe bakin boljoyin ta tsattsage, kamar ta shekara goma a rana. Na koma wajen mai kayan. Ko tashi bai yi ba, ya ce, "Haba maigida, roba ce kawai, ka ci gaba da ba shi giris, ƙarfen ai lafiyarsa ƙalau." Wannan amsar ce ta kusa halaka mu. Robar nan ita ce ran boljoyi gaba ɗaya. Da zarar ta fashe, ruwa da yashi sun samu ƙofa, girisin da kake turawa ya gauraya da ƙasa ya koma abin wasa ƙarfe, yana cin ƙwallon da gidansa a lokaci guda.

Bayan janwe ya kawo motar gareji, bakanikena ya tono tsohon na kamfani daga tarin ƙarafansa, ashe bai yar ba. Ya ajiye min su biyun a kan benci. Na kamfanin, mai kilomita 190,000, ƙwallonsa har yanzu sumul yake yana sheƙi, kofin cikin ne ya cinye har ya samu wasa, kuma robarsa in ka matsa tana lanƙwasa ta dawo. Na kasuwar kuwa ƙwallon ya yi tsatsa ja, duk ya rarake, ya zaizaye ta gefe ɗaya ya koma kamar ƙwai. Leɓen gidan da aka naɗe don ya riƙe ƙwallon siriri ne, ya buɗe kamar bakin gwangwani. Ya sa farce ya kankare wajen, wani jan gari ya zubo. Ya dube ni ya ce, "Maigida, wannan ba ƙarfen ƙafar mota ba ne."

Ya kuma nuna min dalilin da ya sa na ƙasa ba abin wasa ba ne. A irin motata sifirin yana zaune ne a kan hannun ƙasa, wanda suke kira lowa-am, don haka nauyin gaban motar duka, da inji da komai, yana bi ta boljoyin nan ne kafin ya isa taya. Kuma yadda aka kafa shi, nauyin jan ƙwallon yake yi kamar zai zare shi. Muddin leɓen ya ci, ba abin da ya rage. Shi ya sa nauyin ke danne wasan, ba lalle ka ji ƙara ba, ba kuma za ka gane ba in ka girgiza taya tana ƙasa.

To amma in na ce duk kayan kasuwa shara ne, na yi ƙarya, kuma motar da kanta za ta ƙaryata ni. Shokazoban da ta zo da su daga kamfani tun a kilomita 80,000 suka fara zubar da mai, gaban motar ya riƙa lilo kamar kwale-kwale in na taka birki da lodi. Na sa na wani kamfani daban, masu iskar gas, kuma wallahi sun fi na asalin riƙe mota a gargada. Yau shekararsu huɗu, ko danshi babu a jikinsu. Akwai kuma wani bushin na hannun sama da ya yage cikin 'yan watanni, na yi ta zagin mai ƙera shi, daga baya aka gano yaron da ya ɗaura ne ya ɗaure notin tam alhali motar tana rataye a kan jak. Bushin roba sai an sauke mota ta zauna da nauyinta ake ƙarasa ɗaure shi, in ba haka ba a murɗe zai zauna har ya yage. Wannan ko na kamfani aka sa, haka zai mutu.

Sannan su kansu masu haɗa motoci ba su ne ke ƙera yawancin waɗannan ƙarafan ba. Akwai kamfanonin da aikinsu ke nan, irin su Lemförder na Jamus da TRW, waɗanda dukansu yanzu suke ƙarƙashin ZF, suna yi wa masu haɗa mota kaya, suna kuma sayarwa da sunan kansu. Saboda haka kalmar "na kasuwa" buhu ce babba. A ciki akwai wanda ya fito daga masana'anta mai suna da mutunci, akwai wanda aka yi don araha kawai, akwai kuma jabu tsantsa da aka saka a kwalin da ya yi kama da na kirki. Matsalar ita ce dukansu baƙi ne ko masu ƙyalli a ido, dukansu suna shiga ramin daidai, kuma ranar farko duk shiru suke. Araha ba ta ado, na sani, amma nawa ai ba ma mafi araha ba ne a cikin waɗanda aka nuna min. Na tsakiya na ɗauka, wanda aka rantse min a kansa.

Nan ne ma raina ke sake ɓaci. Tayarod biyun da suka zo cikin saitin, da aka kwance su bayan abin ya faru, dukansu sun yi laushi, kana juya su da yatsa ɗaya. Ashe su ne suka cinye min sababbin tayoyi biyu ta gefe, ina ta zuwa ana gyara min daidaiton ƙafa har sau uku ina zargin mai injin. Na ɗauki ƙarfen da ya tsinke da rasit na koma. Na ajiye masa a kan tebur na ce, "Malam, ga abin da ka ce lafiyarsa ƙalau." Ya juya shi, ya ce ramuka ne da yawan lodi, amma tunda akwai garanti zai ba ni wani. Wani irinsa! Ba maganar dirabshaf, sandar da ke juya taya, da ya zare, ba maganar tiyon birki, da wili, da madigadi, da kuɗin janwe, da kwanakin da motar ta yi ba ta nemo ko sisi ba. Ramukan da lodin ai su ne na kamfani ya sha shekara da shekaru bai saki ba. Na bar masa abinsa na fito.

Na koma na kamfani, boljoyi da tayarod duka. Su ma ba su bar ni na huta ba: mako uku na yi ina jiran kaya su iso, kuma boljoyin sama cewa suka yi ba a sayar da shi shi kaɗai, sai dai na sayi hannun gaba ɗaya, alhali hannun nawa ba abin da ya same shi. Na biya ina ƙunƙuni. Amma tun da aka ɗaura sitiyarin ya dawo hannuna yadda na san shi, motar ta daina jan gefe, tayoyi suna ci daidai.

Yanzu duk juyen mai sai an sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasa don nauyin ya sauka daga kan boljoyin, na kama taya sama da ƙasa na girgiza, na kama ta dama da hagu saboda tayarod, sannan na kwanta da tocila na duba robar da idona, na taɓa ta da yatsa. Na kuma duba ɗan fil ɗin da ke hana noti kwancewa. Sun yi kilomita 40,000 zuwa yanzu, robar tana nan baƙa wuluk, ba tsaga ko ɗaya. Shokazoba da bushin zan ci gaba da sayen na wasu kamfanonin da na gwada na gani. Boljoyin ƙasa da tayarod kuwa, ko kyauta aka ba ni wanda ban san inda aka ƙera shi ba, ba zai hau motata ba. Ɗana har yau in muka zo kwanar nan sai ya kai hannu ya riƙe ƙofa.